DARASI: HAƊA ZUCIYA DA JIKI A WURIN MUTANEN JAPAN

  

Ya ƴan'uwa, daga cikin samarinmu na Tanut da Belbeji da ke zuwa karatu Damagaram ko Yamai, akwai masu shiga koyon karate ko judo. Kafin a fara wasa akan zaunar da su bisa gwiwoyi, su rufe idanu, su yi shiru suna jan numfashi. Japanawa suna kiran wannan zama mokuso. Iyaye suna tambayarmu: anya ba wata bauta ce aka shigo da ita ta ƙofar wasa ba? Ba a yanke wa abu hukunci sai an san shi, saboda haka bari mu fara da saninsa.

Irin wannan zama yana da dangi da yawa a Japan. Ɗaya daga cikinsu shi ne abin da ake kira yogar Japan, wadda Nakamura Tempu ya kafa. An haife shi a 1876, ya yi wa sojan ƙasarsa leƙen asiri a yaƙin Japan da Rasha na 1904 zuwa 1905. Bayan yaƙin tarin fuka ya kama shi, a zamanin da ba a gano maganinsa ba. Ya bi Amurka da Turai neman lafiya, bai dace ba. A 1911, kan hanyarsa ta komawa gida, ya haɗu da wani malamin yoga a Alƙahira, ya bi shi zuwa gindin duwatsun Himalaya, ya zauna fiye da shekara biyu. Ya koma ƙasarsa da lafiya, a 1919 ya fara koyar da hanyarsa, wadda ake kira Shin-shin-toitsu-do, wato hanyar haɗa zuciya da jiki. Ya mutu a 1968. Almajirinsa Tohei Koichi shi ya shigar da ita cikin wasan aikido.

Tushen koyarwarsa shi ne cewa mafi yawan mutane jikinsu yana wuri ɗaya, zuciyarsu tana wani wurin, daga nan rauni da tsoro suke shiga. Sai ya sa almajirai su zauna a miƙe, a buga ƙararrawa, kowa ya bi sautin da hankalinsa har ya ɓace, ya kuma zauna cikin shirun da ya biyo baya. Ga wanda fushi ko firgita ya taso masa, ya koyar da a saki kafaɗu, a tsuke dubura, a tara ƙarfi ƙasan cibiya, a riƙe numfashi na ɗan lokaci.

Wannan kashi na jiki al'ada ce, asalin al'adu kuwa halacci ne, kamar sukuwa da kokawa. Mu ma Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya umurci mai fushi ya zauna in yana tsaye, in bai huce ba ya kwanta. Ashe gyara zuciya ta hanyar jiki ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Amma Nakamura bai tsaya nan ba. Ya koyar da cewa akwai wani ruhi ko ƙarfi da ya cika duniya, mutum yana ɗibar rai da lafiya daga gare shi. Wannan aƙida ce, ba motsa jiki ba, kuma Musulmi ba ya ɗaukarta. Haka nan sunkuya wa hoton wanda ya kafa wasa, kamar yadda ake yi a wasu ɗakunan koyo: Tirmizi ya ruwaito hani ga sunkuya wa aboki wajen gaisuwa, balle hoton mamaci. (Mun san a nan Damargu ma ana durƙusa wa manya, malamai kuwa sun daɗe suna magana a kai.) Yaro ya zauna zaman shirun, ya cika shi da ambaton Allah a zuci, ya nemi uzuri a kan hoton.

Kada kuma labarin warkewarsa ya ruɗi kowa. Yau tarin fuka yana da magani na wata 6. Wanda tari ya wuce masa sati 2 ya tafi likita a duba majinarsa, kada ya tsaya jan numfashi yana shafa wa iyalinsa.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne sallarmu. Waɗannan mutane suna shafe shekaru suna koyon tsayar da hankali a kan sautin ƙarfe, mu kuwa an ba mu tsayuwa gaban Ubangiji sau biyar a yini, amma ga manomi a sahu zuciyarsa tana gonar hatsi, ga ɗan kasuwa yana lissafin tiya cikin sujada. Mun karanta a Ahalari tun muna yara cewa natsuwa da daidaito suna cikin farillan salla. Buhari da Muslimu sun ruwaito labarin mutumin da Annabi (S.A.W.) ya mayar har sau uku ya sake salla saboda gaggawa. Mafi ƙarancin natsuwa shi ne gaɓoɓi su tsaya cak na ɗan lokaci a ruku'u, da ɗagowa, da sujada, da zama tsakanin sujada biyu. Limamai su ne na farko da za a tambaya, domin mamu ba ya iya natsuwa bayan limami mai sauri. Wallahu a'alamu.