Ku Tura Folda Gaba Ɗaya, Ku Daina Tsintar Fayil Ɗai-ɗai

Aikina gyaran kwamfuta ne da kwafar fayiloli a nan Kachia, kuma cikin koke-koken da ake kawo mini babu wanda ya kai wannan yawa: "An turo mini komai, amma na kasa gane kansu." In na duba sai in tarar fayilolin suna nan lafiya lau. Abin da ya salwanta shi ne tsarin da mai su ya jera su a kai, wato folda a cikin folda, kowace da sunanta. Jama'a ba su ɗauki wannan tsari a bakin komai ba, alhali sau da yawa shi ne rabin aikin.

Ku dubi karatun Littafi Mai Tsarki na murya da ake yawan nema a yankinmu. Littattafai 66 ne, surori 1,189. A kwafi da dama kowane littafi yana da foldarsa, a ciki kuma sunayen fayilolin lamba ce kawai: 01, 02, 03. Ke nan akwai 01 na Farawa, akwai 01 na Zabura, akwai 01 na Matiyu. Haka tafsirin azumi yake: foldar malami, a cikinta foldar shekara, sannan rana ta ɗaya zuwa ta ƙarshe. Idan aka zube su wuri guda, ɗayan biyu ne zai faru. Ko dai sabon 01 ya hau kan tsohon ya shafe shi, ko na'ura ta liƙa musu ƙarin lamba, ka wayi gari da 01 sittin da wani abu ba ka san na wane littafi ba ne. Kamar a kwance buhunan cittar manoma goma ne a zube a tsakar sito, sannan a ce kowa ya zo ya ɗauki tasa.

Mai ɗaukar hoton biki ma bai tsira ba, domin kyamarori suna maimaita sunaye iri ɗaya. Haka sakataren ƙungiyar manoma da ya ware rasit ƙauye-ƙauye, da ɗalibin kwalejin Gidan Waya da ya jera babi-babin aikinsa na kammala karatu.

Daga ina matsalar take fitowa? Yawancinmu da Xender ko SHAREit muke turawa, waya zuwa waya ba tare da cin data ba. In ka buɗe su, abin da ke fara tarar ka shi ne shafukan hotuna, waƙoƙi da bidiyo. Waɗannan shafuka suna kwaso duk wani fayil mai nau'i ɗaya daga ko'ina a cikin wayar su jera maka, ba ruwansu da foldar da ya fito. Ka zaɓa daga nan, wayar da ta karɓa ita ma bisa nau'i za ta tara su. Hanyar da ta dace ita ce ka shiga shafin fayiloli, ka nemo ita kanta uwar foldar, ka zaɓe ta dungurungum. WhatsApp kuwa ba ya ɗaukar folda sam, ga shi yana matse hoto ya rage masa kyau in ba a matsayin takarda aka tura shi ba.

Abin da na fi ba mutane shawara a kai tsoho ne, tun 1989 ake amfani da shi: a dunƙule foldar ta zama ZIP. Fayil ɗaya ne zai fita, da duk rassan foldar a cikinsa, kuma ta kowace hanya ya bi zai isa yadda yake. Sai dai a kula da abu ɗaya. Filash da memori masu tsarin FAT32 ba sa karɓar fayil ɗaya da ya haura gigabait 4, don haka bidiyon biki mai nauyi sai a raba shi gida biyu ko uku. Tsakanin kwamfuta da waya kuma, LocalSend kyauta ce, tana tura folda cikakkiya muddin na'urorin biyu suna kan waifai ɗaya, ko da babu intanet.

A intanet, BitTorrent, wanda Bram Cohen ya fitar a 2001, ya magance wannan tun daga tushe. Ƙaramin fayil ɗinsa, wanda ake kira toren, yana ɗauke da jerin kowane fayil, da girmansa, da hanyar foldar da zai zauna. Ana yanka kayan gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da lambar tantancewa, manhajar toren tana karɓo su daga hannun mutane daban-daban tana duba kowace kafin ta ajiye. Shi ya sa ko wutar lantarki ta ɗauke ko sabis ya yanke, daga inda ya tsaya yake ci gaba, abin da ya dace da irin yanayinmu. Inda mutane ke ɓata wa kansu aiki shi ne sauya sunan folda ko matsar da ita da hannu kafin saukewar ta kammala. Manhajar za ta neme ta ta rasa. In ana son sauya wuri, a yi daga cikin manhajar, kamar qBittorrent, sannan a sa ta sake tantance kayan.

A nan dole in faɗi wata magana ga abokan sana'ata masu tura finafinai da waƙoƙi. Toren yana da halastattun amfani masu yawa: Ubuntu da LibreOffice ta nan ma suke raba manhajojinsu, Kiwix kuma yana ba da Wikipedia wadda za a karanta ba tare da intanet ba, abin da zai amfani makarantun ƙauyukanmu ƙwarai. Amma kwashe fim ɗin Kannywood ko kundin mawaƙin coci na Kafanchan a raba ba da izini ba cin gumin wani ne, kuma dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta hana. Sauƙin tura folda bai halatta abin da ke cikinta ba.

Folda cikakkiya kuma tana iya zuwa da baƙon da ba a gayyata ba. Kafin ku buɗe komai, ku sa kwamfuta ta nuna ƙarshen sunayen fayiloli. Foldar karatu ko ta hotuna ba ta da dalilin ɗaukar fayil mai ƙarewa da exe, lnk ko apk. In kun gan shi, kada ku taɓa.

Bayan an gama turawa, kada mai kayan ya yi gaggawar gogewa daga wayarsa. A buɗe bayanan uwar foldar a ɓangarorin biyu, a gwada yawan fayiloli da yawan ƙananan foldoji da jimillar nauyi. In lambobin sun yi daidai, a shiga foldoji biyu ko uku na can ciki a kunna wani abu a ji. In sun saɓa, a sake turawa tun mai kayan bai hau mota ya koma Gumel ko Kurmin Musa ba.