Darmar Harsashi: Daga Bututun Bindiga Zuwa Jinin Ɗan Adam

A Darini da sauran ƙauyukan Batsari da Safana da ke gefen Dajin Rugu, farauta tsohuwar sana'a ce, kuma akwai maharban da da hannunsu suke narka darma su zuba harsashi. Wani abin da ke damun mai irin wannan harsashi shi ne, bayan 'yan harbe-harbe sai cikin bututun bindiga ya yi wani shafe mai launin toka, saiti ya lalace. Masu libarba a ƙasashen Turai da Amurka ma suna fama da wannan matsala, ko da yake a Nijeriya dokar makamai ta 1959 ta sa libarba cikin haramtattun makamai, adakar maharbi kuwa sai da lasisi. Wannan darasi zai duba dalilin shafen, sa'an nan ya bi sawun darmar zuwa inda ta fi yin ɓarna.

Me ya sa darma ke liƙewa?

Darma ƙarfe ce mai nauyi da taushi. Curin darma mai faɗi da tsawo da tsayin santimita ɗaya ya kai giram 11.3, alhali na baƙin ƙarfe 7.9 ne. Tana narkewa a digiri 327 na ma'aunin Salshiyas, wato garwashin gawayi ya ishe ta. Farce ma yana iya yi mata zane. Nauyin da sauƙin narkewar su suka sa aka zaɓe ta, taushin kuma shi ne aibinta.

Idan albarushi ya kama, iska mai tsananin zafi ke tura harsashi. In harsashin bai cika bututu ba, sai iskar ta kurɗa ta gefensa, ta zaizaye fatarsa, ta fesa ɓurɓushin a bango. In kuma cikin bututun na da kaushi ko tsatsa, sai ya kankare darmar kamar yadda dutsen wasa ke cin wuƙa. Libarba tana da wasu kwaruruka da suka murɗe a cikin bututunta domin su juya harsashi, kuma nan ne darmar ke cushewa. Harsashin bai narke gaba ɗaya, don zamansa a ciki bai wuce 'yan ɓangarori cikin dubu na daƙiƙa ba. Shafen da ya taru yana rage faɗin hanya, matsi ya ƙaru, abin da ke da haɗari ga bindigar da aka ƙera da bututun da ba don wannan aiki aka yi shi ba.

Ina darmar ke tafiya?

Maharbi kan kankare bututu ya ga aiki ya ƙare. A wurin masanin ilmin halittu kuwa yanzu aka fara, domin darma ba ta ruɓewa, ba ta ƙonewa ta ɓace. Ƙurar da aka kankaro tana sauka a tsakar gida, inda yaro ke rarrafe. Wajen narkawa ya fi haka muni. Sau da yawa daga tsohon batirin mota ake samo darmar, kuma idan aka yi ta zuga wuta zafi ya zarce digiri 500, hayaƙi mai ɗauke da darma yakan yawaita. Dattin da ke tasowa saman narkakkiyar darma, wanda ake kwashewa a yar, gari yake zama, iska ta ɗauka.

Hanya ta uku ita ce nama. Harsashi kan bar gutsattsari a jikin zomo ko gada ko fakara, wasu ido bai ganinsu. Dafuwa ba ta kashe darma, hasali ma miya mai tsami takan ƙara narkar da ita cikin romo. Ungulun da ta ci kayan cikin da aka zubar a daji ita ma ta samu rabonta. Saboda tsuntsaye ne Amurka ta hana harbin agwagin ruwa da harsashin darma a 1991.

Aikinta a cikin jiki

Jiki ba shi da wani amfani da darma ko kaɗan, amma yana karɓarta saboda ta yi kama da kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi. Hanjin babba yana tsotse kaɗan daga abin da ya haɗiya. Na ƙaramin yaro yana tsotse ninki huɗu zuwa biyar na hakan, kuma abin ya fi tsanani in yaron na fama da yunwa ko ƙarancin sinadarin ƙarfe.

A cikin ɓargo, darma tana toshe wasu sinadarai biyu masu gaggauta aiki, waɗanda ake kira inzayim, da ke haɗa jan launin jini mai ɗaukar iskar shaƙa. Sakamakon shi ne ƙarancin jini da kasala. A ƙwaƙwalwa kuma tana shiga gurbin kalsiyam wajen isar da saƙo tsakanin ƙwayoyin jijiya. Yaron da ƙwaƙwalwarsa ke kan girma sai fahimtarsa ta ragu, kuma wannan rashi ba ya dawowa. Malamai su lura da wannan da kyau: ba duk ɗalibin da ake kira daƙiƙi ne ya gaji daƙiƙanci ba. Idan gubar ta yi yawa sai amai da ciwon ciki da jijjiga, har suma. A babba takan jawo hawan jini da ciwon ƙoda.

Rabin darmar da ke cikin jini yakan fita cikin kamar wata guda, amma fiye da kashi 90 cikin 100 na wadda ke jikin babba a ƙashi take, inda takan shekara ashirin ko fiye. Mace mai ciki, yayin da jikinta ke ɗebo kalsiyam daga ƙashi don gina ɗan tayi, har da tsohuwar darmar yake ɗebowa.

Maƙwabtanmu sun ga iyakar abin. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma, yara aƙalla 400 suka rasu saboda niƙa duwatsun zinariya masu darma a cikin gidaje. An kwashe ƙasar tsakar gidajen, kuma ƙungiyar Likitoci Nagari Na Kowa ta ba yara maganin da ke kama darma ya fitar da ita ta fitsari. Ƙurar maharbi ɗaya ba ta kai wannan yawa ba, sai dai hanyar ɗaya ce: daga ƙasa zuwa hannu, daga hannu zuwa baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin darma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma a 2021 ta ba da shawarar a nemo tushen gubar da zarar ta kai maikirogiram 5 a kowace desilita.

Abin da ɗalibi zai kai gida

Kada a taɓa aikin darma a inda ake girki ko inda yara ke wasa, kuma tukunya ko cokalin da ya taɓa ta ya rabu da abinci har abada. A yayyafa ruwa kafin shara, a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci ko goro, a ware tufafin aiki. A yanke naman da ke kewaye da raunin harbi da yalwa, a binne shi, kada a jefa wa kare ko kaji. Masu ciki da ƙananan yara gara su haƙura da naman da aka harba da darma. Ɗalibai kan tambaya game da bakin fensir: wannan ba darma ba ce, ɗan'uwan gawayi ne. Wanda ya cancanci tuhuma shi ne baƙin tozali mai ƙyalli da ake sa wa jarirai, domin sau da yawa dutsen darma ne aka niƙa.