Ƙarin Kitse a Damtse: Kada a Kai wa Wanzami

'Yan'uwa manoma, darasinmu na wannan wata a kan wani ƙululu ne da kan fito a hannu, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. Likitoci suna kiransa lifoma. Kitse ne ya taru wuri ɗaya. Yana da taushi, yana girma a hankali, yawanci ba ya ciwo. Ba ciwon daji ba ne, ba a ɗaukarsa daga wani, ba kuma jifa ba ne.

To, ina haɗarinsa? Manyan jijiyoyi 3 ne suke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa yatsu. Idan kitsen ya fito can ciki, kusa da ƙashi, a ƙasan gwiwar hannu, sai ya danne ɗaya daga cikinsu, kamar dutse a kan tiyon ban ruwa. Idan ta bayan hannu ce, mutum yakan iya damƙe ƙotar fartanya, amma yatsunsa su ƙi miƙewa. Idan ta gaba ce, sai babban yatsa da manuni su riƙa sagewa, tsintar iri ta gagara.

Abin yi:

1. Kada a tsaga, kada a yi ƙaho ko sakiya. Jijiyar tana manne da kitsen, aska tana iya datse ta.

2. A je asibiti da wuri, ko na Wusasa, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Za a ɗauki hoto, a yi aiki a cire. Jijiyar da ta lalace takan tsiro wajen milimita 1 a rana, saboda haka warkewa sai an yi watanni. Idan an bar hannu a shanye fiye da shekara, da wuya ƙarfinsa ya komo duka.

3. Ƙululun da ya wuce santimita 5, ko mai tauri, ko mai saurin girma, kada a kwana da shi.

4. Idan akwai tabo a fata wanda ba ya jin taɓawa, wataƙila kuturta ce. A nufi cibiyar Saye. Maganin kyauta ne.

Tambayoyi domin taron ƙungiya: Nawa muka ajiye a asusunmu domin jinya? Idan an yi wa ɗan'uwa aiki da damina, su wa za su yi masa gayya?