Yara Biyu, Itace Ɗaya: Darasi ga Hakimai da Malamansu

Sanin kowa ne damina ta sake hali. Wata shekara ruwa ya yi jinkiri har shuka ta ƙone, wata shekara kuwa ruwan wata guda ya zubo cikin kwana biyu. Masana sun tabbatar duniya tana ƙara zafi, saboda hayaƙin kwal da man fetur da gas da ake ƙonawa yana tare zafin rana a sararin sama. Iska mai zafi kuwa ta fi ɗaukar laima, shi ya sa in ruwa ya tashi sauka yakan zo da ƙarfi. An ga ambaliya a ƙasar Haɗeja a 2022. A watan Satumba na 2024 kuma madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya ci unguwanni masu yawa a Maiduguri.

In irin wannan ta auku, mutane sukan taso da iyalinsu su sauka a wata gunduma. Hakimi yakan kula da masauki da abinci, haka kuwa ya kamata. Amma akwai abin da akan manta, watau zukatan yara. Yaron da ya ga gidansu ya rushe, ya rabu da abokan wasansa, yakan zauna shiru a gefe. In yaran gari suka riƙa kiransa ɗan gudun hijira, sai ya tashi da ƙullin gari a ransa, shi da su kuwa za su yi gardamar gona da rijiya nan gaba. Maganin wannan shi ne a haɗa su aiki ɗaya tun suna ƙanana, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Babu aikin da ya fi dacewa kamar renon itatuwa. A ƙasar Maraɗi ta Nijar, tun daga 1983, manoma suka fara barin tohon da ke fitowa daga kututture, suna rage rassa su bar masu ƙarfi. Da haka gonakin da suka zama fako suka sake cika da itatuwa. Gawo ya fi kowane amfani, domin yakan zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, ganyen kuma ya zama taki. Yaro ɗan shekara goma yana iya koyon wannan aiki.

Ga abin da ake roƙon Hakimai su yi:

1. Malamin Hakimi ya rubuta sunan kowane yaro baƙo, da shekarunsa, da garin da ya fito. Dagatai da masu unguwanni su taimaka, kada a tsallake 'yan mata.

2. A shawarci shugaban makaranta da malaman allo a sa baƙi aji ɗaya da yaran gari. Kada a ware musu inuwa dabam.

3. A haɗa yara biyu biyu, baƙo da ɗan gari, a ba su itace ɗaya. Ko dai dashen darbejiya a bakin hanya bayan ruwa ya zauna, ko tohon gawo a gonar makaranta. Su kewaye shi da ƙaya saboda awaki, su riƙa ba shi ruwa da rani, yau wannan gobe wancan.

4. A rubuta sunayensu biyu a layi ɗaya cikin littafi. In Hakimi ya fita rangadi ya tsaya ya duba, ya kira su da sunansu, ya yaba musu a gaban jama'a.

Abin lura shi ne, ba yawan dashe ake nema ba, sai wanda ya rayu. Itace ashirin da suka ga damina ta biyu sun fi ɗari biyar da aka dasa ranar biki aka watse.

Yaran da suka yi rani guda suna ɗaukar tulu ɗaya da wuya su zama abokan gaba. Baƙon da ya ga abin da ya dasa ya fi shi tsawo kuwa, ya san yana da gobe a garin. Allah ya taimaki Hakimai a kan wannan amana, amin.