Darasin Juma'a: Kafin Ka Sayi Zoben Aure

Bismillahir Rahmanir Rahim. 'Yan'uwa, bayan Sallah bukukuwa kan yi yawa daga Gangare har Unguwar Rogo, kuma samari na ta tambaya a kan zoben aure. A nan Jos maƙwabtanmu Kiristoci suna musayar zobe a coci, wannan tsarinsu ne. Mu a wurinmu aure yana ƙulluwa da waliyyi, sadaki, siga da shaidu. Zobe kyauta ce kawai, amma kyautar ma tana da hukunci.

Ango ba ya sa zinare. Hadisin Sayyidina Ali (RA) ya nuna zinare da alharini haramun ne ga mazan wannan al'umma, halal ga mata. Zoben Manzon Allah (SAW) na azurfa ne, kuma malamanmu na Malikiyya sun ce kada na namiji ya wuce nauyin dirhami 2, kusan giram 6 ke nan. A kula da abin da ake kira farin gwal. Ido zai ce azurfa ce, alhali zinare ne aka gauraya da wani ƙarfe. Ka duba cikin zoben: 925 azurfa ce, 750 kuwa gwal ne mai karat 18.

Amarya kam ta sa abinta. 875 shi ne karat 21, 916 karat 22. A ɗora a sikeli a gabanka, a rubuta giram da karat a rasit, domin ranar da ta matsu za ta sayar, nauyi za a biya, ba ado ba. Zoben yana iya zama sadakin ma, tunda mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne, giram 1 da 'yan kai. To amma a faɗa a gaban shaidu, kar gobe a zo ana "ai aro na ba ta".

Inda 'yan kasuwa suka fi zamewa shi ne canji. Hajiya ta kawo tsohon zobe, ta ɗauki sabo, ta cika kuɗi: wannan riba ce wadda shari'a ta hana, domin zinare da zinare sai nauyi ɗaya, hannu da hannu. Mafita ba wuya. Ka sayi tsohon, ka damƙa mata kuɗinta, sannan a yi cinikin sabon daban. Haka nan "ɗauka, ka biya ƙarshen wata" ba ya halatta a gwal ko azurfa, ko da mai sayen ɗan ɗakinku ne. Wanda kuɗinsa bai cika ba ya ɗauki mai ƙaramin nauyi, ko ya dakata har su cika.