Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Nasiha Ga Samarin Jibiya Masu Son Fara Gudu

'Ya'yana samarin Jibiya da Magama da ƙauyukan da ke kewaye.

Duk lokacin da aka ji sanarwar ɗaukar soja, ko ɗan sanda, ko Kwastam, ko jami'an shige da fice, sai filayen garinmu su cika da 'yan gudu. Yaron da ya shekara ba ya zuwa ko kasuwa sai a kan babur, shi ne zai ɗaura kambas da asuba ya ce yau sai ya zagaya fili sau goma. Ranar farko ƙarfin zuciya ya kai shi. Rana ta biyu cinyoyi su ɗaure, ko zaman tahiya ya gagare shi. Kafin mako ya zagayo ƙwauri ya kama ciwo, ya koma gida yana ɗingishi, ya yanke wa kansa hukuncin cewa shi ba a halicce shi don gudu ba. Wannan hukunci ba daidai ba ne. Jikinsa lafiya lau yake, gaggawa ce ta kayar da shi.

Ban ga laifinku ba da kuke hangen aikin kaki. Mu mutanen bakin iyaka abincinmu yana rataye da ƙofar iyaka ta Magama. Da aka rufe ta a watan Agustan 2019, sai a Afrilun 2022 aka buɗe. Aka sake rufewa a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai a Maris ɗin 2024. A waɗannan watanni mai dako da mai lodi da ɗan kabu-kabu da mai canjin sefa duk sun ɗanɗana zaman jira. Saurayin da ya ga haka ya ce yana son aiki mai albashi a ƙarshen wata, ya yi tunani mai kyau. Sai dai ƙofar wannan aiki tana da mai gadi, shi ne gudu. A tantancewar shiga soja akan sa gudun kilomita 3.2, wanda ya tsallake kuma horon Depot na wajen wata shida yana jiransa. Makonni biyu tsakanin sanarwa da ranar tantancewa ba sa isa a gina jikin da zai ɗauki wannan. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga abin da ya kamata ku sani game da jikinku. Zuciya da huhu suna saurin sabawa da aiki; cikin 'yan makonni za ka ji haki ya ragu. Amma ƙashi da jijiyoyin da ke ɗaure gwiwa da idon sawu da dunduniya ba su da wannan sauri, su watanni suke buƙata. A kowane taku na gudu, nauyin da ke sauka a kan ƙafa ɗaya yakan kai ninki biyu zuwa uku na nauyin jikinka. Nan ne tarkon yake: numfashi ya ce maka za ka iya ƙarawa, alhali ƙafa ba ta shirya ba. Daga nan ciwon ƙwauri ke farawa, wani lokaci har ƙashin ya yi 'yar tsaga saboda yawan duka. Maganin wannan shi ne a haɗa tafiya da sassarfa, a riƙa ƙara sassarfar kaɗan-kaɗan ana rage tafiyar.

Kada wani ya raina tafiya ya ce aikin rago ce. Jeff Galloway, ɗan tseren Amurka da ya wakilci ƙasarsa a gudun mita 10,000 a gasar Olamfik ta 1972, shi ya shahara da koyar da gudu mai haɗe da tafiya, tun daga 1974 da ya fara horar da sababbin shiga. A 1996 kuma wani Ba'amurke mai suna Josh Clark ya tsara shirin mako tara da ake kira Couch to 5K, wanda daga baya hukumar lafiya ta Birtaniya ta rungume shi tana ba jama'a. Kakanninmu ma sun san wannan hikima. Fataken da ke tashi daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja sayen goro, tafiyar watanni ce a ƙasa, kuma madugu nagari ba ya ƙure ayarinsa a ranar farko. Zango-zango yake kai su, ana yada kaya ana hutawa, har a isa da mutane da jakuna lafiya. Haka za ka bi da ƙafafunka.

Tsarin yana da sauƙi. Sau uku ake fita a mako, da ranar hutu a tsakani, misali Asabar da Litinin da Laraba. Kowace fita ana buɗe ta da tafiya mai ɗan sauri ta minti 5 don jini ya motsa, a rufe ta da wata tafiyar ta minti 5. A makon farko, sassarfa ta daƙiƙa 60, tafiya ta daƙiƙa 90, a yi ta maimaitawa har minti 20 ya cika. A mako na biyu sassarfa ta zama daƙiƙa 90, tafiya minti 2. A na uku a fara ɗanɗana sassarfar minti 3, a na huɗu ta minti 5, kullum da tafiya a tsakani. A ƙarshen mako na biyar ne mutum zai yi minti 20 bai tsaya ba, a ƙarshen na shida minti 25. Mako na bakwai a zauna a kan 25, na takwas 28, na tara minti 30 cur. Wanda ya kai nan, kilomita 3.2 ta daina ba shi tsoro, kuma a lokacin ne ya dace ya fara neman sauri. Agogon wayarka ya ishe ka lissafi. In kana son awon nisa, zagayen cikakken filin ƙwallo ya kusa mita 350, wato zagaye tara da 'yan kai shi ne kilomita 3.2.

Wanda ya daɗe bai motsa ba, ko mai ƙiba, ko wanda shekaru suka fara ja, kada ya fara da sassarfa sam. Ya yi mako biyu ko uku yana tafiya kawai, har ya iya minti 30 da sauri ba tare da ya galabaita ba. In kuma wani mako ya yi maka nauyi, ka maimaita shi, babu kunya a ciki. Wanda ya gama a mako goma sha biyu da ƙafa lafiya ya fi wanda ya zube a mako na huɗu.

Abin da ya fi wahalar da samari shi ne rage sauri. Sassarfar da nake nufi ita ce wadda za ka iya yi kana hira da na kusa da kai. In magana ta gagara sai haki, ka wuce gona da iri, ka sassauta. Na san za a yi maka dariya a majalisa, a ce wane yana gudu kamar tsohuwa. Bar su. Kada kuma ka biye wa abokin da ya saba buga ƙwallo. Kowa da inda ya taso. Ranar hutu ma cikin horon take, domin a ranar ce tsoka da ƙashi ke gyara kansu su ƙara ƙarfi. Malamanmu sun sha karantar da mu cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne. Jiki ma da haka yake ginuwa.

Ka koyi bambanta gajiya da rauni. Tsamin jiki da ke kama cinyoyi biyu kwana ɗaya ko biyu bayan fita, ya kuma saki da ka motsa, wannan ba komai ba ne. Amma ciwon da ya tsaya wuri ɗaya a ƙashi, wanda za ka iya nunawa da yatsa, ko wanda ke ƙaruwa kana gudu har ya sa ka ɗingishi, wannan umarni ne na tsayawa. Ka huta kwanaki, in bai tafi ba ka ga likita. Ciwon ƙirji, jiri, duhun gani, ko bugun zuciya marar tsari, waɗannan ba a jarumta da su.

A nan zan ja kunnenku da babbar murya a kan ƙwaya. Akwai masu haɗiyar tiramol da makamantanta wai don kada su ji gajiya. Ɗana, ciwo ɗan aike ne da ke gaya maka inda ɓarna take. In ka rufe masa baki, ɓarnar ba ta tsaya ba, kai ne ka daina ji. Ƙwayar nan tana jawo farfaɗiya, tana kama mutum ya kasa rabuwa da ita. Ƙarfin da za ka samu a tuwo da wake da gyaɗa da ƙwai da fura da nono da isasshen barci ya fi ta albarka.

Kafin ka fara, ka je Babban Asibitin Jibiya ko wata cibiyar lafiya a auna maka hawan jini, musamman in ka haura arba'in, ko kana da ciwon suga ko asma. Ka kuma san rukunin jininka game da sikila. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da AS. Mai AS yana gudu, yana aikin soja, amma gudun ƙure-ƙarfi cikin zafi da ƙishirwa, ga wanda bai saba ba, ya fi yi masa haɗari, don haka shi ya fi kowa buƙatar bin matakai. Duk wanda ya ga fitsarinsa ya koma baƙi-baƙi kamar ruwan shayi bayan gudu mai tsanani, ya tafi asibiti a ranar, domin alama ce ta tsoka ta ɓaci kuma ƙoda na cikin haɗari. Mai zazzaɓi kuwa ya kwanta ya sha magani, sai ya warware sarai ya dawo.

Yanayin ƙasarmu ma yana da nasa sharaɗi. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40. Lokacin fita shi ne bayan sallar asuba da gari ya waye, ko bayan la'asar sakaliya. Ka sha ruwa kafin ka fita da bayan ka dawo. In ka yi gumi sosai, ka haɗa ruwan gishiri da suga: ƙaramin cokali shida na suga da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya, wato ledar fiya wata biyu. A hunturu, ranar da ƙura ta rufe gari, ka haƙura, mai asma musamman. Da azumi kada ka yi gudu da rana. Ka tsaya a kan tafiya har a yi salla.

Batun wuri kuwa, kun san halin da yankinmu ya shiga na rashin tsaro, ba sai na faɗa muku ba. Kada ka fita bayan gari, kada ka fita cikin duhu, kada ka fita kai kaɗai. Kada ka yi gudu kusa da shingen jami'an tsaro ko ta wajen iyaka, domin mai gudu a irin wannan wuri abin zargi ne ko da zuciyarsa fara ce. Titin Katsina zuwa Magama na tireloli ne da motoci masu gudu. In dole ta sa ka bi gefen titi, ka bi hannun da za ka riƙa fuskantar motar da ke tahowa. Filin makaranta ko filin ƙwallo na cikin gari ya fi, ƙasarsa ma ta fi kwalta sauƙi ga gwiwa. Ku haɗu ku uku ko huɗu, a san ku a unguwa, a san lokacinku. Takalmi ba sai mai tsada ba. Kambas na gwanjo daga kasuwar Lahadi ya wadatar, in dai tafinsa bai cinye ba kuma akwai sarari kamar faɗin babban yatsa a gaban yatsunka. Ka sa safa, ka bar silifas a gida.

Wannan magana ba ta masu neman kaki kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kowane baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, wato tafiya mai sauri ta minti 30 sau biyar. Alhajin da ke wuni zaune a shago, da direban da ke wuni a kan sitiyari tsakanin Jibiya da Maraɗi, su ma jikinsu yana bin su wannan bashi, kuma hawan jini da ciwon suga ba sa sallama kafin su shigo. 'Ya'yana mata da iyayensu, ku ma da ku nake. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, ta wuce shi a karon farko, shi kuma ya wuce ta daga baya. Tsakar gida mai faɗi, ko harabar makarantar Islamiyya tare da 'yan'uwa mata, ta isa a fara. Magidanta ku ba su dama, ku ƙarfafa musu gwiwa.

'Ya'yana, lafiya amana ce da za a tambaye mu a kanta. Kada ku jira sanarwa ta fito. Wanda ke da burin tantancewar baɗi, ya fara tafiyarsa a wannan makon, ya nemi abokai biyu, ya riƙe kwana ukunsa, ya bar sauri sai ƙafa ta ƙosa. Iyaye kuma ku sa ido, ku hana yaranku ƙwaya da fitar duhu. Allah ya ba ku lafiya da sana'a ta halal, ya zaunar da Jibiya da maƙwabtanmu na Nijar lafiya. Amin.