Ƙidayar Kifi Ba Ta Haraji Ba Ce

Manomi da dami ya ke sanin amfanin gonarsa. Kifi kuwa a ƙarƙashin ruwa ya ke, ba ya ƙirguwa. Sai dai a ƙirga wanda masunta su ka fito da shi.

A Amurka tun 1979 ma'aikatan Gwamnati ke zuwa bakin teku suna tambayar masu fatsa don nishaɗi abin da su ka kama. Dabarar nan za ta yi amfani a Madatsar Watari ta Bagwai, kusa da Bici.

Ga yadda a ke yi. Da fari malamin kifi ya ƙirga jirage duka, da taimakon Sarkin Ruwa. Sa'an nan ya zaɓi kaɗan ya auna kifinsu, karfasa dabam, tarwaɗa dabam. Misali, jirage 40 ne su ka fita su. Ya auna na 5 ya sami kilo 30, watau kowanne kilo 6. To, 6 sau 40, kilo 240 ke nan a yini. Wanda ya komo hannu wofi shi ma a rubuta shi, in ba haka ba lissafi ya zarce gaskiya.

Waɗansu masunta kan ɓoye kamunsu don tsoron haraji. Wannan kuskure ne. Da lissafin nan a ke gane kifi na raguwa ko ƙanƙancewa, a hana koma mai ƙananan idanu tun ruwa bai mutu ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.